Babba da littafin yara: yaya ake karanta shi, yaya kuma ake zaɓa wa yaro?

Gwaggon_Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata kashi biyu ce. Ana yawan cewa kada ka miƙa wa yaro littafin da kai ba ka karanta ba. To amma babba da idon manya yake karatu. Abin da ya burge shi ba lalle ne ya burge ɗan shekara shida ba, abin da ya gundure shi kuma wataƙila shi ne yaron zai ce a maimaita masa sau goma. Ta yaya babba zai karanta littafin har ya gane ya dace ko bai dace ba? Na biyu, akwai masu ganin idan babba ya zauna yana karanta littafin yara don jin daɗin kansa, ɓata lokaci ne, har ma abin kunya. Malamai da ma'aikatan ɗakin karatu da ke nan, a taimaka da bayani dalla-dalla. Ban da "duba shekarun da aka rubuta a bango", wannan kowa ya sani.

Malama_Firamare:
Wa alaikumus salam Gwaggo. Abu na farko, ki karanta shi da murya, ba a zuci ba. Littafin ƙananan yara don kunne aka yi shi, kuma ido yakan tsallake wurin tuntuɓe amma harshe ba ya iya tsallakewa. Idan numfashinki ya ƙare kafin jimla ta ƙare, jimlar ta yi tsawo. Idan kika ji kina sauya wata kalma da kanki don ta fi daɗin faɗa, to marubucin bai gwada rubutunsa a baki ba.

Sau uku ya kamata a bi littafin. Zagaye na farko da murya, agogo a hannu. Littafin hotuna mai kalma 500 yana cin minti huɗu zuwa biyar idan an karanta shi kai tsaye, yakan kai goma idan ana tsayawa kallon zane, kuma ɗan shekara uku da wuya ya ba ki fiye da haka a zama ɗaya. Zagaye na biyu ki rufe rubutun da tafin hannu ki bi zanen kaɗai, ki ga ko za a iya gane labarin. Na uku ki nemi wuraren da za su iya tsorata yaro ko su rikita shi, ki san shafinsu tun kafin ya tambaye ki.

Mai_Zane:
Zagaye na biyun nan da Malama ta faɗa shi ne manya suka fi sakaci da shi. Babba yana karanta layi biyu ya juya shafi, alhali yaron da bai iya karatu ba idonsa na kan zanen tun daga farko har ƙarshe, kuma yana ganin abin da ke kusurwa wanda babba bai lura da shi ba. Abin dubawa: shin zanen yana ƙara wani abu ne, ko maimaita rubutun kawai yake yi? Idan rubutu ya ce "yarinya ta shiga daji" zanen ma ya nuna yarinya tana shiga daji, shi ke nan, an yi aiki amma ba a yi gwaninta ba. Gwaninta ita ce rubutu ya ce "ba ta ga kowa ba" amma a zanen ga wutsiyar wani abu a bayan bishiya. Yaro ya san abin da tauraruwar labarin ba ta sani ba, sai ka ga ya tashi tsaye yana nuna mata.

A duba kuma ko tauraron yana nan da kamanninsa daga shafi zuwa shafi. A littattafan da aka yi cikin gaggawa za ka ga riga ta sauya launi ko fuska ta sauya tsakanin shafi na 6 da na 10. Babba ba zai damu ba, ɗan shekara huɗu kuwa zai ɗauka wani mutum ne dabam ya shigo labarin.

Mai_Ɗinkin_Littafi:
Ƙarin bayani a kan ginin littafin. Yawancin littattafan hotuna shafi 32 ne, ba don an ga dama ba. Babbar takarda ɗaya ake bugawa a ninke ta ta ba da shafi 8 ko 16, don haka adadin yakan zama 24, 32 ko 40. A cikin 32 ɗin nan, idan aka cire shafin suna da na bayanan maɗaba'a, abin da ke saura wa labari buɗi 12 zuwa 14 ne, wato shafi biyu masu fuskantar juna. Marubucin da ya san aikinsa yakan ajiye tambaya a ƙarshen shafin dama, amsar tana bayan an juya. Idan kina gwada littafi, Gwaggo, ki lura da hannunki: yana gaggawar juyawa, ko kuwa kina juyawa ne don rubutu ya ƙare?

Ɗan_Taurin_Kai:
Ni dai kashi na biyu na tambayar ya fi damuna. Mutum da gemunsa ya zauna yana karanta labarin zomo da kunkuru? In don zaɓa wa yara ne, na yarda, aiki ne. In don nishaɗi ne, akwai littattafan manya da ba a gama ba.

Tsohon_Edita:
@Ɗan_Taurin_Kai, Malam, rabon nan na "na yara" da "na manya" ya fi zama na masu sayarwa da masu jera littattafai a kanta fiye da na marubuta. Tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka tattara, bugun farko na 1812 don masana suka yi shi, har da sharhi a ciki. Daga baya da suka ga iyaye na karanta wa yara ne suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857. A labarin yarinyar da sarauniya ta yi wa hassada saboda kyau, a bugun farko uwar da ta haife ta ce sarauniyar, a bugu na gaba suka mayar da ita matar uba. A namu ɓangaren kuma, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku da ya fito tsakanin 1937 da 1939, don karatun makaranta aka yi shi, amma wa zai ce dattijon da ke karanta shi yau ya yi abin kunya?

Ta fuskar sana'a ma, rubuta wa yaro ya fi wuya. Babba zai yi haƙuri da shafi hamsin na shimfiɗa, yaro ba zai ba ka shafi biyu ba. Don haka littafin yara mai kyau ba shi da kitse: matsala ta bayyana da wuri, kowane babi ya tura labari gaba, ƙarshe ya biya bashin da farko ya ci. Duk mai son koyon zubi da tsarin labari, can ya kamata ya fara.

Ɗan_Taurin_Kai:
Wannan hujjar marubuta ce. Wanda ba marubuci ba fa?

Ɗan_Laburare:
Akwai aƙalla mutum uku da yake yi wa amfani kai tsaye. Mai koyon sabon harshe, don jimlolin gajeru ne, kalmomin suna dawowa, zane kuma yana taimaka masa ya cinko ma'ana. Wanda ya daɗe bai karanta komai ba hankalinsa ya saba da waya, don littafin da za a gama cikin awa biyu yana maido da ɗabi'ar kaiwa ƙarshe. Sai wanda ke son shiga wani fanni da bai san komai a kai ba: littafin ilmi na 'yan shekara 9 zuwa 12 a kan taurari ko jikin mutum ko tarihin wata daula zai ba shi ƙashin bayan fannin cikin shafi 48 ko 64, daga nan ya wuce zuwa na manya yana da wurin rataye bayanai.

Sharaɗi ɗaya: a duba shekarar bugu a bayan shafin suna. Littafin labari ba ya tsufa da sauri, na ilmi yana tsufa. Wanda ke cewa duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, kafin 2006 aka rubuta shi, lokacin da aka cire Pluto daga jerin. Taswirar Afirka da ba ta da Sudan ta Kudu ta riga 2011. In ka ga Tarayyar Sobiyat a matsayin ƙasa mai ci, ya riga ƙarshen 1991. Irin waɗannan suna nan da yawa cikin littattafan da ake bayarwa kyauta.

Uwar_Tagwaye:
Mu koma kan zaɓa wa yaro don Allah. Shekarun da ake rubutawa a bango, a bi su ko kada a bi?

Malama_Firamare:
A ɗauke su a matsayin ƙiyasi. Rabon da masu ɗab'i suka saba yi shi ne: daga haihuwa zuwa shekara 3, littafi mai shafukan kwali, 3 zuwa 7 ko 8, littafin hotuna, 5 zuwa 7, na masu fara karatu da kansu, 7 zuwa 9, mai gajerun babi-babi da zane jefi-jefi, 8 zuwa 12, cikakken labari. Matsalar ita ce lamba ɗaya ba ta iya ɗaukar abu biyu. Kowane yaro yana da shekarun saurare da shekarun karatu, kuma kunnensa yana gaba da idonsa nesa. Ɗan shekara shida zai fahimci labarin 'yan shekara tara sarai idan an karanta masa, amma idan aka ba shi ya karanta da kansa zai maƙale a layi na uku. Don haka kafin ki ce "wannan ya dace", ki tambayi kanki: wa zai riƙe littafin?

Idan yaron ne zai karanta, akwai gwajin yatsu biyar. A buɗe shafi daga tsakiyar littafin mai kalma kamar ɗari, ya karanta da murya, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa ɗaya. Babu ko ɗaya, ko guda ɗaya: mai sauƙi ne. Biyu ko uku: daidai. Huɗu: sai da mai taimako a gefe. Biyar: a ajiye shi tukuna, ko babba ya karanta masa. A zaɓi shafin tsakiya, don shafin farko sau da yawa ya fi sauran sauƙi.

Alƙalami77:
Malama, da gyara kaɗan a nan. Gwajin yatsun an tsara shi ne don harsunan da rubutunsu ya saɓa da furucinsu, inda yaro ke tsayawa cak idan bai san kalma ba. A Hausa kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, don haka yaron da ya iya haɗa gaɓoɓi zai karanta shafi guda sumul bai ɗaga yatsa ko ɗaya ba, kuma bai fahimci rabinsa ba. Sai an ƙara mataki: ya rufe littafin ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. In ya iya kawo wanda ya yi, abin da ya yi, da dalilin yi, ya wuce. In jimlar ƙarshe kawai ya maimaita, furuci ya yi ba karatu ba.

Kuma tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai fara karatu yana dogara ne da ma'anar jimla kafin ya san yadda zai faɗi wasu kalmomi. Wannan ma dalili ne na zaɓar masa jimloli gajeru masu zane a gefe.

Malama_Firamare:
Gyaran ya karɓu, Malam. Ƙari a kai: littafin Hausa na yara da aka buga ba tare da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ ba, kada a ba mai koyo. Babba zai cike giɓin da kansa, yaro kuwa zai koyi rubutun a haka, gyaransa daga baya ya zama aiki.

Baban_Ummi:
Duk wannan bayanin fasaha ne, ban ga wanda ya yi maganar tarbiyya ba. A ganina tambayar farko da babba zai yi ita ce me littafin ke koyarwa. In babu darasi, me amfaninsa?

Tsohon_Edita:
Baban Ummi, babu mai musun tarbiyya. Inda ake samun matsala shi ne yadda ake cusa ta. Alamomin littafin da wa'azi ya cinye labarinsa sanannu ne: yaron kirki ba ya kuskure ko sau ɗaya, mugun yaro ba shi da wani hali sai mugunta, babba ne ke zuwa ya warware matsalar a shafin ƙarshe, sannan a rufe da sakin layi mai farawa da "Don haka yara". Yaro yana gane irin wannan tun daga shafi na uku, ya san inda za a je, sai ya daina saurare. Wanda ke aiki shi ne inda tauraron ya yi zaɓi da kansa, ya ga abin da zaɓin ya haifar, mai karatu ya ji a jikinsa. Tatsuniyoyin Gizo ai babu mai tsayawa ya yi sharhi, amma wane yaro ne bai gane inda haɗama ke kai mutum ba?

Baban_Ummi:
Na ji, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Akwai yaran da sai an fito musu da darasin fili. Kuma akwai littattafan da labarinsu ke da daɗi ƙwarai, amma a ciki yaro yana yi wa iyayensa rashin kunya ana dariya, ba abin da ya same shi. Daɗin labarin ma shi ke sa abin ya fi shiga.

Inna_Makaranciya:
A nan ina bayan Baban Ummi rabi. Shi ya sa karatun babba kafin na yaro ba shi da madadi. Amma mafita ba kullum ce hana littafin ba. Abu uku ake iya yi: a ajiye shi gaba ɗaya, a jinkirta shi zuwa shekara ɗaya ko biyu, ko a karanta tare a tsaya a wurin a ce "kai me ka gani game da abin da ya yi?" Na ukun ya fi amfani ga ɗan shekara bakwai zuwa sama. Abin da ba ya aiki shi ne tsallake shafi a ɓoye. Yaro zai dawo ya buɗe da kansa, ya ga zanen, ya gane an ɓoye masa wani abu, daga nan shafin nan ne zai fi kowane jan hankalinsa.

Batun ban tsoro kuma, zane ya fi rubutu daɗewa a kan yaro. "Dodo ya fito" a baki, yaro zai ƙera dodon daidai abin da zai iya ɗauka. Dodo mai jajayen idanu cike da shafi biyu, wannan ba shi da ikon rage shi. A duba kuma ko labarin ya rufe tsoron kafin ya ƙare, musamman na lokacin kwanciya. Littafi mai babi-babi da ke yanke babi a tsakiyar haɗari, a karanta shafin farko na babi na gaba kafin a kashe fitila.

Ɗan_Laburare:
Game da yadda ake ba yaro shawarar littafi, ga yadda ake yi a ɗakin karatu. Ba a fara da littafi, da yaron ake farawa. Tambaya biyu: wane littafi ko labari ne na ƙarshe da ya ji daɗinsa, kuma me ya fi so a ciki? Amsar ta biyu ita ce mabuɗi, don yara biyu za su so littafi ɗaya, ɗaya don ban dariya, ɗaya don dabbobin ciki. Sai a ɗauko uku, ba ɗaya ba, ba kuma goma ba: ɗaya mai kama da wanda ya so, ɗaya da ya ɗan kauce, ɗaya na ilmi a kan abin da yake sha'awa. A faɗi jimla ɗaya ko biyu a kan kowanne, a tsaya daidai inda matsalar labarin ta kunno kai, a ajiye su a gabansa a matsa gefe. Kada a ce "wannan zai ƙara maka ilmi" ko "duk yaro mai hankali ya karanta wannan". Da an faɗi haka an mayar da shi aikin gida.

A gaya masa kuma yana da damar ajiyewa in bai yi masa ba bayan babi biyu ko uku. Kuma in ya gama kada a yi masa jarrabawa. "Wane wuri ya fi ba ka dariya?" tambaya ce. "Faɗa mini darussa uku" jarrabawa ce.

Wani abu da aka daɗe da lura da shi: yara sun fi son tauraron da ya girme su da shekara ɗaya ko biyu. Ɗan shekara tara zai bi labarin ɗan sha ɗaya da murna, amma ka ba shi na ɗan shekara bakwai ya ce an raina shi, ko da matakin karatun daidai da shi ne.

Uwar_Tagwaye:
Wannan na ƙarshen matsala ne babba ga yaron da ya girma amma karatunsa na baya. Ɗan shekara sha ɗaya mai karatun ɗan bakwai, me za a ba shi?

Malama_Firamare:
Littafin ilmi mai hotuna na gaske da gajeren bayani a ƙarƙashi, kamar na motoci, macizai, jiragen sama ko ƙwallo, don ba a ganin shekaru a jikinsa. Sai labaran zane masu magana a cikin da'ira, waɗanda wasu iyaye ke rainawa alhali suna koyar da bin jerin aukuwa da gano abin da ba a faɗa ba tsakanin hoto da hoto. Sai littattafai masu jerin juzu'i da taurari ɗaya: wahalar sanin sunaye da wuri sau ɗaya ake shan ta, na biyu da na uku sai gudu. A duba shafin ma: haruffa manya kamar lamba 14 zuwa 16 a ma'aunin girman rubutu na kwamfuta, tazara tsakanin layuka, sakin layi gajere, babi da bai wuce shafi biyar ko shida ba. Shafin da ya cika maƙil da ƙananan haruffa yana karya masa gwiwa tun bai fara ba. Haka nan babban da ke koyon karatu da girmansa, kada a ba shi na jarirai, tatsuniya ko littafin ilmi ya fi kiyaye masa mutunci.

Alƙalami77:
Lambobin yabo da ake liƙawa a bango fa, abin dogaro ne?

Tsohon_Edita:
Suna nuna inganci, ba sa nuna dacewa. Newbery a Amurka tun 1922 ake ba da ita don rubutu, Caldecott tun 1938 don zane, Carnegie a Birtaniya an kafa ta a 1936, sai ta Hans Christian Andersen da ake bayarwa duk shekara biyu tun 1956, ita kuma don ɗaukacin aikin mutum ce ba littafi ɗaya ba. Duk manya ne ke zaɓe, lambobi ukun farko ma'aikatan ɗakin karatu ne ke zaɓen masu cin su. Manya kuwa suna karkata ga labari mai nauyi, mai rashi ko baƙin ciki, mai kyawun salo. Don haka ga babban da ke neman littafin yara don kansa, jerin waɗannan lambobi wuri ne mai kyau na farawa. Ga yaron da ake lallashi ya so karatu, littafin da ya tsufa a hannun yara, bangonsa ya yage don yawan aro, ya fi lambar zinariya ba da labari.

Gwaggon_Yara:
Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. To littattafan da mutum ya so yana ƙarami fa? Ai su ne farkon abin da ke zuwa baki in an ce ba da shawara.

Inna_Makaranciya:
Nan ne manya suka fi faɗawa rami. Abin da mutum ke tunawa ba littafin ba ne, yadda ya ji lokacin ne. A sake karanta shi yanzu kafin a miƙa. Sau da yawa za a tarar shimfiɗar ta fi yadda ake zato tsawo, ko akwai kalmomin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba, ko wani ba'a ga masu naƙasa ko wata ƙabila da a da ba a lura da shi ba. Wasu kuma za a tarar sun fi yadda ake tunawa kyau. Irin su Magana Jari Ce da Tsohon Edita ya ambata, Hausarsu tana da zurfi ga ɗan firamare na yau, don haka hanyar da ta fi ita ce babba ya karanta masa labari ɗaya a zama, ya tsallake doguwar shimfiɗar farko zuwa wani lokaci, ya bayyana kalma biyu ko uku kawai a kowane labari. In aka tsaya fassara kowace kalma, labarin ya mutu. Kuma kada a ce "wannan shi ne littafin da na fi so a duniya", don yaron zai ji in bai so shi ba ya yi laifi.

Ɗan_Taurin_Kai:
To ga shi kun dawo inda na tsaya. Duk karatun da kuke faɗa na aiki ne, ana karantawa da agogo da fensir. Ina jin daɗin?

Mai_Zane:
Malam, ai gwajin farko shi ne jin daɗin. Littafin da babba zai karanta wa yaro, ba sau ɗaya zai karanta shi ba, don yara suna son maimaici, kuma a maimaicin ne suke kama kalmomi da tsarin labari. In littafin ya gundure ka a karo na biyu, muryarka za ta tona maka asiri a karo na biyar, yaron kuma zai ji. Saboda haka wanda ya ba ka dariya kai ma, shi ne zai daɗe.

Baban_Ummi:
Tambaya ta daban. Idan littafin da wani harshe aka rubuta shi, yaron kuma Hausa kawai yake ji, ana iya fassarawa nan take ana karantawa?

Alƙalami77:
Ana iyawa, amma ba nan take ba. A karanta shi tukuna, a yanke yadda za a kira kowane tauraro, sannan a rubuta amshin da ke dawowa da fensir a gefen shafi don ya fito iri ɗaya kullum. Yaro yana haddace amshi tun karo na biyu, in ka sauya kalma ɗaya gobe zai tsayar da kai. Kada a bi jimla-jimla, a dubi buɗin gaba ɗaya a faɗi abin da ya faru da Hausar da ake yi masa magana da ita. Waɗanda ba sa fassaruwa su ne masu amsa-amo da na wasa da haruffa, don daɗinsu a sautin yake, in an cire shi ba abin da ya rage. Ga wanda ke son na Hausa kai tsaye, African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa a intanet, an jera su mataki-mataki, kuma lasisinsu ya yarda a sauke a buga. Sai dai ingancin fassarar ya bambanta daga labari zuwa labari, don haka karatun murya da Malama ta faɗa a farko ya wajaba a nan ma.

Mai_Ɗinkin_Littafi:
In za a buga irin waɗannan a gida, a zaɓi tsarin ɗan littafi a na'urar bugawa, gaba da baya, takardar A4 a ninke biyu. Kowace takarda tana ba da shafi huɗu, don haka adadin shafuka sai ya rabu da huɗu, in bai kai ba a cike da farin shafi a ƙarshe. A yi bango da takarda mai kauri. Ɗinki da zare a rami uku ya fi maƙalewa da ƙarfe, don ƙarfen yana tsatsa, yana buɗewa ya soki yatsa. Littafin da gam kaɗai ya riƙe shi kuwa, da yaro ya danne shi ya buɗe sosai shafuka za su fara zubewa. Na 'yan ƙasa da shekara uku, kwali mai zagayayyen gefe, babu wani abu da zai ɓalle ya shiga baki, don a wannan shekarun littafi abin taunawa ne kafin ya zama abin karatu.

A waya kuma, matsalar ita ce allon yana nuna shafi ɗaya, zanen da aka yi don ya ratsa shafi biyu sai ya rabe ko ya ƙanƙance. A kwantar da wayar a kaikaice, a kashe sanarwar saƙonni kafin a fara.

Uwar_Tagwaye:
Malama, yara biyu masu shekaru ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya karatu nesa, littafi ɗaya za a karanta musu ko kowa da nasa?

Malama_Firamare:
Na saurare ɗaya, na hannu kowa da nasa. Wanda za ki karanta musu ki zaɓe shi daidai kunnensu, a nan ba su da bambanci sosai. Na karatun kai kuma kada ki sa su karanta shafi ɗaya bi da bi a gaban juna, wanda ke baya zai yi shiru ya bar wa ɗan'uwansa. Ki ware wa kowa minti goma shi kaɗai, kuma littattafan su kasance daga jeri daban-daban, don kada lambar mataki da ke bango ta nuna musu wa ke gaba.